Ɗan ƙasar Amurka a Abuja, matarsa 'yar Najeriya: wane akwati zai zaɓa a takardar haraji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fasfon Amurka, na yi shekara goma sha biyu a can kafin in dawo gida. Yanzu ina aiki a Abuja, albashina idan aka juya shi ya kai kimanin dala 60,000 a shekara. Matata 'yar Najeriya ce, ba ta taɓa zama a Amurka ba, ba ta da girin kad. Tana sayar da atamfa da leshi, tana kuma da gidan haya da ta gada. Yaranmu biyu. Shekara biyu ke nan ina cike takardar harajin Amurka a matsayin marar aure, domin manhajar da nake amfani da ita ta ƙi wucewa sai na sa lambar harajin matata ta Amurka. Wani abokina ya ce in haɗa da ita mu cike tare, wai rangwamen ya fi yawa. Wanne ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu je ga shawarar abokinka akwai gyara guda a gabanka, domin akwatin marar aure ba naka ba ne. Hukumar haraji ta Amurka, IRS, tana duba halin da mutum yake ciki ranar 31 ga Disamba. Duk wanda ranar ta riske shi da igiyar aure, mai aure ne a lissafin shekarar gaba ɗaya, ko da a ranar aka shafa fatiha. Ba ruwanta da cewa matar ba ta taɓa taka ƙasar ba. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida, da waliyyi da sadaki da shaidu, aure ne a dokar Najeriya, kuma ƙa'idar IRS ita ce ta karɓi auren da aka ƙulla a wata ƙasa muddin akwai jiha ko da ɗaya a Amurka da za ta amince da shi. Rashin takardar rajista ba ya mai da mutum gwauro.

Zamanka a Abuja ma bai fitar da kai daga wajibin cike takardar ba. Amurka na bin 'yan ƙasarta haraji a duk inda suke zaune, abin da Kotun Ƙolinta ta tabbatar tun 1924. Tsakaninta da Najeriya kuwa babu yarjejeniyar harajin kuɗin shiga, haka ma Nijar, don haka babu wata yarjejeniya da za ka fake da ita. Abin da ke hannunka shi ne zaɓi uku a saman fom 1040, wato babbar takardar harajin kuɗin shiga ta Amurka, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Na farko shi ne mai aure da ya cike tasa shi kaɗai, akwatin da aka yi wa alamar MFS. Nan doka ke ajiye ka idan ba ka ɗauki wani mataki ba. Kuɗin shigarka kaɗai za ka bayyana. Cinikin atamfar uwargida da kuɗin hayarta ba su shiga ba, tunda ita baƙuwa ce wadda ba mazauniya ba, kuɗin kuma ba a Amurka aka same su ba. Za ka rubuta sunanta, sannan a gurbin da aka tanada ka rubuta haruffa uku, NRA, waɗanda ke nufin ba ta da lamba kuma ba a wajabta mata samu ba. A nan wasu manhajoji ke cijewa, kamar yadda taka ta yi. Maganin abin shi ne ka canza manhaja, ko ka buga takardar ka sa hannu ka aika ta gidan waya. Gazawar manhaja ba uzuri ba ce a wurin hukuma.

Wannan akwati yana da tsada ta wasu fuskoki. A shekarar haraji ta 2025 kason da ake cire wa mutum kafin a fara lissafi dala 15,750 ne, rabin na masu cikewa tare. Wajibin cike takardar yana hawa kanka da zarar kuɗin shigarka ya kai dala 5 kacal, ba kuskuren rubutu ba ne, dala biyar. Asarar jari da za ka iya cirewa daga sauran kuɗin shigarka a shekara ta tsaya a dala 1,500 maimakon 3,000. Babu ragin kuɗin karatun jami'a, babu cire kuɗin ruwan bashin karatu. Damar zuba kuɗi a asusun ritaya na Roth tana raguwa tun daga dalar farko, ta ƙare gaba ɗaya a dala 10,000, idan kun zauna gida ɗaya ko da kwana guda ne a shekarar. Ƙarin harajin kashi 3.8 cikin ɗari a kan ribar jari yana fara cizo daga dala 125,000. Ga ma'aikacin da albashi ne kawai hanyar samunsa, yawancin waɗannan ba su taɓa shi. Ga mai hannun jari da dukiya a Amurka, suna taɓawa sosai.

Na biyu shi ne wanda mutane da yawa ba su san suna da haƙƙinsa ba, kuma a ganina da shi ya kamata ka fara: shugaban gida, akwatin HOH. A al'ada marasa aure masu riƙe da yara ne ke amfani da shi. Amma doka ta yi togiya ga wanda matarsa ko mijinta baƙo ne da ba mazauni ba a kowane lokaci cikin shekarar: ana ɗaukarsa marar aure domin wannan akwati kaɗai, ko da suna kwana ɗaki ɗaya. Ba a buƙatar lambar matar, ba a buƙatar sa hannunta, kuɗinta kuma suna nan a waje. Kason da ake cirewa dala 23,625 ne a 2025, matakan harajin ma sun fi faɗi: kashi 10 har zuwa dala 17,000, kashi 12 har zuwa dala 64,850.

Sharuɗɗa biyu ne ke da muhimmanci. Ɗaya, kai ne ka biya fiye da rabin kuɗin tafiyar da gidan a shekarar. Abin da ake lissafawa shi ne haya, gyaran gida, kuɗin wuta da ruwa da gas, inshorar gida, harajin gida, da abincin da aka ci a gidan. Kuɗin makaranta, asibiti, ɗinkin sallah, man mota da tafiye-tafiye ba su cikin lissafin, duk da cewa a gidajenmu su ne suka fi cin kuɗi. Idan gidan da kuke ciki na uwargida ne kuma ba ka biyan haya, ba za ka ƙiyasta wata haya ka sa ba, sai dai ka lissafa abin da ya fita daga aljihu da gaske, naka da nata, ka ga ko naka ya haura rabi. Ajiye rasit ɗin haya, tarihin sayen katin wuta a wayarka, da shaidar kuɗin cefane da kake tura mata ta banki. Kuɗin da aka miƙa hannu da hannu ba ya barin sawu.

Biyu, akwai wanda ya cancanta da ya zauna tare da kai fiye da rabin shekara, kuma matarka ba ta cikin waɗanda ake ƙirgawa. Yaranka sun wadatar: ɗa ko 'ya da bai kai shekara 19 ba a ƙarshen shekara, ko bai kai 24 ba idan cikakken ɗalibi ne, wanda ba shi ke ɗaukar fiye da rabin nauyin kansa ba. Yaron da ke makarantar kwana ana ɗaukarsa yana gida, domin tafiyar karatu rashi ne na wucin gadi. Jaririn da aka haifa a Nuwamba ma ya shiga, idan gidanka ne gidansa tun haihuwa. Yaron da bai yi aure ba kuma ba sai ya zama ɗan ƙasar Amurka ba kafin ya ba ka wannan matsayi.

A nan tsarin zamanmu yana haɗuwa da dokarsu ta hanyar da ya kamata a lura. Agola ya shiga, domin ɗan matarka ɗanka ne a wannan lissafi. Ƙanenka ko ƙanwarka da ke hannunka sun shiga idan sun cika sharaɗin shekaru, haka ɗan wanka ko 'yar ƙanwarka da kake riƙo, haka jika. Amma ɗan riƙon da babu wannan dangantaka tsakaninku, kamar ɗan aminin mahaifinka ko almajirin da ya zama ɗan gida, ba ya ba ka matsayin sai idan kotu ko hukumar da ke da hurumi ce ta damƙa maka shi. Mahaifiya kuma, wadda a Amurka kan iya ba ɗanta wannan matsayi ko ba gida ɗaya suke ba, dole ta kasance 'yar ƙasar ko mazauniyarta, ko mazauniyar Kanada ko Meziko. Hajiya da ke zaune a Katsina da fasfon Najeriya ba ta shiga ba, ko da kai ne ci da shanta.

Yanzu ga shawarar abokinka. Doka, a sashe na 6013(g) na kundin harajin, ta ba ku dama ku zaɓi a ɗauki matarka tamkar mazauniyar Amurka ta fuskar harajin kuɗin shiga, ku cike takarda ɗaya. Kason da ake cirewa ya koma dala 31,500, matakin kashi 12 ya miƙe har dala 96,950. Abokinka bai yi ƙarya ba, rangwamen ya fi yawa. Abin da bai faɗa maka ba shi ne farashinsa.

Mu ɗauki albashinka na dala 60,000 da alƙaluman 2025, kafin a cire komai na yara ko na harajin da ka biya a Najeriya. A MFS abin da ya rage bayan cirewa dala 44,250 ne, harajinsa kimanin dala 5,070. A HOH saura dala 36,375, haraji dala 4,025. A cikewar haɗin gwiwa, idan matar ba ta samun ko sisi, saura dala 28,500, haraji kimanin dala 2,940. Ka ga ratar da ke tsakanin HOH da haɗin gwiwa ba ta wuce dala 1,080 da 'yan kai ba. Amma taka matar tana samu. Kowace dala tata da ta shigo takardar za a ɗora mata kashi 12, don haka da zarar abin da za a caje ta a kai ya haura kimanin dala 9,000 a shekara, ribar ta ƙare. Idan ya kai dala 25,000, harajinku ya zama kimanin dala 5,940, wato ya fi na HOH da kusan dala 1,900. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Za a ce ai ita ma tana iya amfani da kariyar da doka ta ba mai samun kuɗi a wajen Amurka, kamar kai. Gaskiya ne, amma rabi-rabi. Ribar sana'arta, gwargwadon abin da guminta ya samar, tana iya shiga keɓewar fom 2555, wadda ke fitar da kuɗin gumi da aka samu a waje daga lissafin haraji, ta hanyar sharaɗin yin kwana 330 a wajen Amurka, wanda mazauniyar Abuja ke cikawa ba wahala, kwanakin Hajji da Umara ma suna ciki tunda Saudiyya ƙasar waje ce. Kuɗin haya kuwa ba na gumi ba ne, keɓewar ba ta rufe su. Abin da zai kare su shi ne harajin da aka biya a kansu a Najeriya, da shaida a hannu. Idan babu wannan shaida, Amurka za ta karɓi nata cikakke daga gidan gadon da ba ta da alaƙa da shi ta kowace fuska. Uwargida ta shiga sharo ba shanu.

Kuɗin ma ba shi ne babban nauyin ba. Daga ranar da ta sa hannu, dole cinikinta ya kasance a rubuce yadda za a iya nunawa: sari nawa, sayarwa nawa, bashi nawa a waje, kuma a juya komai zuwa dala. Mai sayar da atamfa ta WhatsApp, wadda kuɗi ke shigo mata ta asusu biyu ko uku har da na adashi, ta san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Asusunta na banki da jarinta sun shiga fom 8938, na bayyana kuɗi da jarin da ke waje, idan jimillar naku ta haura dala 400,000 a ƙarshen shekara ko 600,000 a kowane lokaci. Idan tana da kuɗi a asusun zuba jari na haɗaka, irin waɗanda bankuna da kamfanonin jari na Najeriya ke tallatawa, sun faɗa ƙarƙashin dokar PFIC, mai kula da irin wannan jari na waje, da fom 8621, ɗaya daga cikin mafi tsananin sassan dokar harajin Amurka. Idan ta yi wa kasuwancin rajista a matsayin kamfani mai iyakantaccen alhaki, batun fom 5471 na bayyana kamfanin waje ya taso, wanda tarar rashin miƙa shi dala 10,000 ce a kowace shekara. Sannan takardar haɗin gwiwa alhaki ne na bai-ɗaya: duk harajin da ya biyo baya, da tara da kuɗin ruwa, hukuma na iya bin kowannenku cikakkensa. Kuskuren lissafinta bashinka ne, naka ma bashinta ne, ko bayan rabuwa.

Abubuwa biyu zaɓin bai jawo mata ba, don kada a tsorata fiye da kima. Bai ɗora mata harajin masu aikin kansu na kashi 15.3 ba, kuma bai wajabta mata cike rahoton asusun waje na FBAR ba. Haka nan bai ba ta komai ta fuskar shige da fice ba, ba biza, ba girin kad, ba haƙƙin aiki.

Abin da ya sa nake jan kunne a kan wannan zaɓi fiye da sauran shi ne ba na shekara guda ba ne. Shekarar farko dole ku cike tare. Bayan nan kuna iya rabawa, amma tana nan a matsayin mazauniya, dukiyarta ta duniya tana nan cikin lissafi, ita ma sai ta cike tata takardar da wancan ma'auni na dala 5. Kai kuma ƙofar HOH ta rufe maka muddin zaɓin na aiki. Yana ƙarewa ne ta hanya huɗu: ɗayanku ya soke shi a rubuce kafin wa'adin takardar shekarar da ake so ya daina aiki, ko mutuwa, ko rabuwa ta shari'a, ko IRS ta soke shi da kanta saboda rashin ajiye bayanai. Idan ya ƙare, ya ƙare ke nan. Bayanin IRS shi ne sau ɗaya ake yinsa a rayuwa, ko da mutum ya sake wani auren. Wanda ya ƙona shi yau domin dala dubu, ba zai same shi ba ranar da ya yi ritaya yake buƙatarsa da gaske.

Akwai kuwa waɗanda yake yi wa rana. Wanda matarsa ba ta da sana'a ko dukiya mai kawo kuɗi, ba su da yaro a gida da zai ba shi HOH, kuma kuɗinsa daga Amurka suke fitowa, kamar fansho, hayar gida a can ko ribar hannun jari. Ma'aikacin gwamnatin Amurka a waje, wanda albashinsa ba ya shiga keɓewar fom 2555. Ɗan fanshon da ke karɓar kuɗin tsufa na gwamnatin Amurka, domin mai auren da ke zaune da matarsa bai kuma cike tare da ita ba, ana fara lissafa harajin wannan kuɗi tun daga sifiri, alhali masu cikewa tare sai daga dala 32,000. Da kuma iyalin da ke shirin komawa can nan kusa, tunda matar za ta zama mazauniya ko ta yaya. Ko a nan ma kada a ruɗe ka cewa sai kun cike tare za a ba ta biza. Takardar ɗaukar nauyi, fom I-864, tana neman shaidar harajinka na shekarar da ta gabata, MFS ko HOH ba sa hana komai. Wanda ke jawo tambayoyi shi ne mutumin da ya ce ya yi aure a 2019 amma takardun harajinsa na cewa gwauro ne.

Idan bayan lissafi kun ga ya dace, ga yadda ake yi. Ku rubuta sanarwa a takarda guda, ku bayyana cewa a ranar ƙarshe ta shekarar ɗayanku ɗan ƙasa ne ɗayan kuma baƙon da ba mazauni ba, kuma kun zaɓi a ɗauke ku mazauna na tsawon shekarar. Ku sa cikakken suna, adireshi da lambar kowa, ku biyu ku sa hannu. A fom 1040 na yanzu akwai ɗan akwati ƙarƙashin matsayin aure da ake yi wa alama domin wannan. Matar na buƙatar lambar ITIN, wato lambar haraji da IRS ke ba baƙi, wadda ake nema da fom W-7. Ana ɗora shi a saman takardar harajin, a bar gurbin lambarta babu komai, a aika duka zuwa ofishin ITIN da ke Ostin ta jihar Tekzas. Fasfo shi ne takarda ɗaya tilo da ke wadatarwa ita kaɗai, ko dai na ainihi, ko kwafin da hukumar da ta bayar da shi ta tabbatar. Kwafin da lauya ko kotu suka buga wa hatimi ba ya karɓuwa, kuma wannan na daga cikin abubuwan da ke sa a dawo da takardun mutane. Wanda ba ya son fasfon matarsa ya yi watanni a hanya, sai ya nemi wakilin da IRS ta ba izinin tantance takardu, ana kiransu CAA. Daga waje, a sa ran mako tara zuwa sha ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, a fara tun Janairu. Lambar kuma tana mutuwa idan aka yi shekara uku a jere ba a sa ta a takardar haraji ba.

Duk wannan lissafi yana iya zama na banza idan harajinka na Amurka sifiri ne tun asali, kuma ga mai albashi irin naka akwai yiwuwar haka ta hanya biyu. Fom 2555 na keɓe kuɗin gumi da aka samu a waje har dala 130,000 a 2025, ga wanda ya cika kwana 330 a waje cikin wata goma sha biyu ko ya zama tabbataccen mazaunin wata ƙasa na cikakkiyar shekara. Fom 1116 kuma na cire harajin da ka biya wa Najeriya daga wanda Amurka ke binka, dala da dala, ragowar a ajiye maka har shekara goma. Mai yara ya dubi na biyun da kyau. A tsohon tsarin harajin albashi na Najeriya matakin ƙoli na kashi 24 yana kama mai irin albashinka tun da wuri, sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 kuma ta kai shi kashi 25. Idan ma'aikatarku na cire harajin tana miƙawa yadda ya kamata, abin da ka biya a nan zai zarce dala 4,025 nesa ba kusa ba, harajin Amurka ya koma sifiri.

A nan ne ragin yara ke aiki. Dala 2,200 ne ga kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 17 a 2025, daga ciki ana iya mayar wa mutum har dala 1,700 a hannu ko da ba a binsa komai. Yara biyu, dala 3,400. Amma wanda ya miƙa fom 2555 ya haramta wa kansa wannan mayarwa a shekarar. Ragin kuma bai dogara da cikewar haɗin gwiwa ba, ana samunsa a HOH, ana samunsa a MFS. Sharaɗinsa shi ne yaron ɗan ƙasa ne ko mazauni, yana da lambar SSN, wato lambar tsaron zamantakewa ta Amurka, da aka fitar kafin wa'adin takardar. Tunda ka yi shekara goma sha biyu a can, da alama ka cika sharaɗin shekara biyar na zama, biyu daga ciki bayan ka cika shekara 14, wanda ke ba yaran da aka haifa bayan ka zama ɗan ƙasa damar gadon ƙasar. Ana neman takardar shaidar haihuwarsu a ofishin jakadanci na Abuja ko ƙaramin ofishin Legas, lambar ta biyo baya. Hattara ɗaya: wanda ya saba amfani da fom 2555 ya soke shi, ba zai koma masa ba sai bayan shekara biyar, in ba da izinin hukuma ba. Mai tunanin komawa aiki Saudiyya ko Dubai, inda ba a cire harajin albashi, ya auna wannan kafin ya sauya. Mai aikin kansa kuma ya sani babu ɗayan biyun da ke kare shi daga kashi 15.3 idan ribarsa ta kai dala 400.

Wasu wajibai ba su damu da akwatin da ka zaɓa ba. Idan jimillar asusunka na wajen Amurka, na naira da na dala, ta haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne, sai ka cike FBAR ta intanet, kuma asusun da kuka haɗa da matarka ana sa cikakken abin da ke ciki. Kyauta ga matar da ba 'yar ƙasa ba tana da iyaka, dala 190,000 a 2025, abin da ya haura sai an bayyana a fom 709, wanda ke shirin sa sunan uwargida a takardar gida a Maitama ya tuna da wannan. Idan ita ce ta ba ka abin da ya haura dala 100,000 a shekara, fom 3520 ne, babu haraji a kai amma tarar yin shiru na iya kaiwa kashi 25 na kyautar. Mai mata fiye da ɗaya kuma ya sani fom ɗin gurbin mace ɗaya gare shi, jihohin Amurka ba su amince da aure na biyu alhali na farko na nan ba. 'Ya'yan kowace ɗaki dai 'ya'yansa ne a lissafin HOH da ragin yara. Sauran maganar ta lauya ce, domin ta taɓa shige da fice.

Wa'adin miƙa takarda 15 ga Afrilu ne, mazaunin waje yana da ƙarin wata biyu zuwa 15 ga Yuni ba tare da ya roƙa ba, sai dai ya haɗa 'yar sanarwa cewa a waje yake zaune. Fom 4868 na kai shi 15 ga Oktoba. Kuɗin ruwa a kan abin da ake binka yana fara hawa ne tun Afrilu.

Shekaru biyun da ka cike a matsayin marar aure kuwa, ka gyara su da fom 1040-X, kowace shekara da nata. Kada gabanka ya faɗi, kason marar aure da na MFS ɗaya ne, matakan ma ɗaya ne a irin albashinka, don haka da wuya a ce ka rage wa hukuma wani abu. Idan ka cancanci HOH a waɗannan shekaru, ƙila ma kai ke binta: a 2024 kason HOH dala 21,900 ne, na marar aure 14,600. Kana da shekara uku daga ranar da ka miƙa ta asali ka nemi a mayar maka. Daga MFS ko HOH ana iya komawa haɗin gwiwa ta hanyar gyara cikin wa'adin shekara uku, amma daga haɗin gwiwa ba a dawowa ware bayan wa'adin miƙawa ya wuce, wanda shi ma dalili ne na farawa daga HOH a bana. Ragin yara na shekarun baya ne kaɗai ba zai dawo ba idan a lokacin yaran ba su da SSN, domin lambar da aka samu daga baya ba ta aiki a kan shekarar da wa'adinta ya riga ya wuce. In har yanzu ba su da ita, neman ranar ganawa a ofishin jakadanci shi ne aikin wannan makon.